Makullin da Manga Ya Dafa

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Matiyu ce ta cika siton. Ranar Juma'a ce, liman na tsakiyar huɗuba, lasifika na kawo muryarsa har bakin titi. Layin 'yan riɗi da ke bayan Kasuwar Jalingo ya yi wayam, duk mai ƙafa ya tafi masallaci. A siton Alhaji Abdulmuttalib mutum biyu suka rage, akawu da maigadi, su ma ga su nan kwance rub da ciki, hannuwa a ƙeya.

Matiyu na tsaye a kansu da bindiga. Siraju, fuskarsa naɗe da ƙyalle, yana kwashe kuɗin da Alhaji ya tanada don biyan manoma yana durawa a buhun riɗi.

"Yi sauri, ɗan tsoho," in ji Matiyu. "Ba awo ka zo yi ba."

A waje kuwa, wani dattijo ne ke tafiya a hankali cikin farar babbar riga, carbi a hannu, gemu fari tas. Duk wanda ya gan shi sai ya ce mai makara ne zuwa salla. Wannan shi ne Manga, direban ƙungiyar, uban Siraju. Ya nufi baƙar jif ɗin Alhaji da ke fake jikin katanga, bai ko waiga ba.

Yaran yanzu ba su san Manga ba, shi ya sa suke cika baki. Tun zamanin motar Fijo yake wannan harka. Ya yi hanyar Wukari, ya yi ta Numan, ya haura Mambila da fitila a kashe. Waɗanda suka fara tare da shi, wasu an ɗaure su a jikin ganga an harbe, wasu sun ruɓe a kurkuku, wasu ƙasa ta shanye su ba kabari. Shi kuwa ko ankwa ba ta taɓa sanin wuyan hannunsa ba. Kuma duk wanda ya sa ƙafa a motar da Manga ke ja, to ya kwana a gida. Wannan ba cika baki ba ne, abu ne da aka sani.

Amma kafin ya kai hannu ƙofar jif ɗin, sai ku fara sanin makullin da ke aljihunsa, don duk abin da ya faru ranar nan daga cikinsa ya fito.

Motar daga Kwatano aka kawo wa Alhaji ita, da makulli ɗaya tak, kamar yadda irinsu ke zuwa. Ɗan'uwansa yana can ƙasar Turawa a aljihun wanda ya fara hawanta. Makullin ma ba irin wanda aka sani ba ne: ɗan baƙin abu ne kamar guntun sabulu, ba ya shiga rami, a aljihu yake zama mota ta ji shi ta tashi. Alhaji ya ga in wannan ya ɓata ya shiga uku, sai ya aika direbansa da motar wajen Noah, mai yankan makulli a bakin kasuwa, a yi masa na ko-ta-kwana.

Labarin ya riga motar isa kunnen Matiyu. Shi kuwa ya daɗe yana zagaya siton nan da ido. Ya san Alhaji a ƙafa yake zuwa masallaci ran Juma'a, makulli a aljihu, motar a bar ta jikin katanga. Ya san kuma duk shingen da ke hanyar fita gari, da sun hango baƙar jif mai baƙin gilashi, sai dai su ɗaga hannu su janye katako. Wa zai tsayar da motar Alhaji? Don haka ya je ya zauna a bencin Noah, ya tambaye shi lafiyar matarsa Roseline, ya faɗa masa kalar zanen da ta ɗaura da safe, da hanyar da take bi in za ta kai masa abinci. Bai ɗaga murya ba. Noah ya fahimta.

Ranar da aka kawo motar, Manga na zaune a bencin da tsohon kwaɗo a hannu, kamar mai jiran layi. Direban Alhaji ya ajiye mota ya tafi cin tuwo. Noah ya jona wata 'yar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, zufa na tsiyaya daga haɓarsa. An ce ya yi ɗaya, ya yi biyu.

"Baba, riƙe," ya ce a hankali. "Danna nan."

Manga ya danna. Motar ta ƙyafta fitilu, ta yi 'yar tsuwa kamar ɗan tsako.

"In ka shiga, taka birki, ka danna maɓallin da ke gefen sitiyari. Shi ke nan. In ƙofa ta ƙi, ga ɗan ƙarfe a ciki, ka zaro. Amma Baba, abu ɗaya: wannan ba irin makullin da ba ne. Kar ya faɗi, kar ya sha ruwa."

Manga ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai yaushe ka fara yankan makulli?"

"Na ɗan jima, Baba."

"Ka ɗan jima. Lokacin da nake danna makulli a jikin sabulu in kai wa maƙeri, uwarka ba ta yi aure ba. Ni za ka koya wa riƙon makulli?"

"Yi haƙuri, Baba. Ni dai na faɗa."

Siraju na tsaye a gefe, ya ji duka. Shi ne ɗan Manga na fari, saboda haka tun ranar suna sunansa bai taɓa hawa harshen uban ba. "Kai" yake ce masa, in kuma yana ba da labarinsa sai ya ce "wancan". Magidanci ne, da gemunsa, da matarsa Aisatu. Keke mai ƙafa uku yake ja a gari har aka kama keken aka ƙi saki, zaman gida ya yi tsawo, tukunya ta fara kwana a kife. Da Matiyu ya ce yana neman hannu na uku, Siraju bai tambayi komai ba sai abu ɗaya: wa zai ja motar? Aka ce Baba. Ya ce to, ya shiga. Tun yana yaro yake jin cewa motar Baba ba ta barin mutum a baya.

Abin da Matiyu bai sani ba shi ne, Manga yana da tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin, wani tsohon mafarauci a Kona ya haɗa masa ita tun yana saurayi. Saiwoyi ne a ciki da kanwa da wasu abubuwan da ba a faɗa. Ƙa'idarta guda: duk makullin da zai ta da motar aiki sai ya tafasa a ciki, mai sitiyari ya kurɓi ruwan. Wanda ya sha, hannu ba ya kama shi. Motar da makullinta ya sha, ita ma haka, da duk wanda ta ɗauka. Ba aikin da Manga ya taɓa fita bai yi wannan ba, ga shi kuma yana raye.

Ran Alhamis bayan la'asar ya hura gawayi a bayan ɗakinsa a unguwar Mayo Gwoi. Ruwa ya tafasa, ya jefa makullin. Ya zauna yana kallon yadda yake juyi a cikin kumfa. Yana tsamo shi da ludayi ke nan sai ga Siraju ya zagayo.

Ya tsaya cik.

"Baba... ba Noah ya ce kar ya sha ruwa ba?"

"Ruwa ya ce. Wannan ruwa ne?"

Siraju ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Ko za mu bi ta wajen motar, a danna a gani?"

"Makullin da ya fito tukunya ba a gwada shi. Gwaji rashin yarda ne, rashin yarda kuwa shi ke karya ta." Manga ya goge makullin da gefen riga, ya kurɓi ruwan da zafinsa, ya yamutsa fuska. "Kai, da wannan tukunyar aka yi maka kaciya, da ita aka yi maka aure. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Ɗa ba ya ja da ubansa sau biyu a zama ɗaya.

Washegari da hantsi suka haɗu a gindin wani mangwaro a bakin kogi, bindiga a cikin buhu. Matiyu ya sake bin tsarin: keken haya zai sauke su a bakin layi, su sallame shi, su shiga, su fito, Baba ya riga ya ta da mota.

"Oga," in ji Siraju, idonsa a ƙasa, "ina da abokin da zai ba ni aron keke. In fake shi a kwana, ko da za a samu matsala."

"Wace irin matsala?"

Siraju ya saci kallon ubansa. In ya faɗi dalili, ya tona wa tsohon asiri a gaban bare. Ya haɗiye.

"Ko wace iri."

"Ka ji ɗan zamani," in ji Manga. "A rayuwata ban taɓa ajiye mota ta biyu ba. Mai ajiye ta biyu bai yarda da ta farko ba. In an kawo keke wajen nan, ku nemi wani direban."

Matiyu ya yi dariya, ya daki kafaɗar Siraju. "Ka ji tsoho. Babanka ya fi ka zuciya, wallahi. Bar keke. Keke a kwana shi ne zai sa mutane su yi tambaya."

Aka bar keke.

Kafin fitarsu daga gida da safen, Aisatu ta tare Manga a zaure. A sanin Manga ba a faɗa mata komai ba, amma ta ga mijinta ya kasa cin abinci. Ta durƙusa har ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baba, ban tambayi inda za ku ba. Ka dawo min da shi kawai."

"Ke 'yar nan, tambayi duk wanda ya san ni. Ban taɓa fita da mutum na dawo ba shi ba. Ɗora tukunya, ki sa yaji da yawa."

To, wannan shi ne makullin da ke aljihun Manga lokacin da ya tsaya jikin baƙar jif.

Ya sa hannu a aljihu, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Motar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Daga lasifika aka ji an ta da iƙama.

Manga bai girgiza ba. Ya fito da makullin, ya zaro ɗan ƙarfen da Noah ya nuna masa, ya zura a ƙofa, ya murɗa. Ƙofa ta buɗe — sai motar ta ɓarke da kuka! Wi-wi-wi-wi, fitilu na walƙiya, ƙaho na busa kansa. Tantabarun da ke kan rufin sito suka watse.

Ya faɗa ciki, ya ja ƙofa. Ya taka birki. Ya danna maɓalli.

Babu.

Wani rubutu ya fito a gaban sitiyari. Manga bai yi boko ba, amma ya gane hoton da ke gefensa: ɗan makulli ne, rawaya, yana kunnawa yana kashewa.

A sahu na biyu a masallaci, Alhaji Abdulmuttalib yana tsaye, hannu a ƙirji, ya ji kukan. Ya san muryar motarsa kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta. Ya ji nauyin makullinsa a aljihun dama, na ko-ta-kwana kuma yana gida a akwati. To wa ya taɓa ta? Liman ya yi ruku'u, ya bi, amma zuciyarsa tana layin 'yan riɗi.

A ƙofar masallacin kuma, Sufeto Abigail na zaune a gaban motar sintiri tana ɓare gyaɗa, ita da yaranta da aka turo gadin Juma'a.

"Motar wa ke ihu haka?"

"Ta Alhaji mai riɗi ce, madam. Ƙila akuya ta goga."

"Akuya ba ta buɗe ƙofa. Ku ɗauko bindigogi."

Ƙofofin baya suka buɗe. Matiyu ya jefo buhu, ya faɗo a kai. Siraju ya shigo ta ɗaya gefen, yana haki.

"Ta da ta, tsoho! Mu ware!"

Manga ya taka, ya danna. Ya manna makullin a jikin maɓallin, ya danna. Ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu, ya danna da ƙarfin da ya rage masa. Sai ya ji sanyi a babban yatsansa. Ya duba. Wani ɗigo ne ja-ja ya tsattsafo daga tsagar makullin, ya gangaro kan farcensa. Warin kanwa ya daki hancinsa.

Ya rufe hannun da sauri.

"Mene ne? Me ya faru?" Matiyu ya ɗora masa bakin bindiga a kafaɗa.

"Ba ta jin makullin."

"Ba ta ji? Ba a gabanka ya yi aiki ba?" Matiyu ya daki kujera. "Noah. Ɗan iskan nan ya sayar da mu. Ya ba mu mai kyau mu gani, ya kashe shi da kwamfuta daga baya. Wallahi sai na sha jininsa."

Manga ya ɗaga ido ya dubi madubi. Idon Siraju na ciki, yana kallonsa ta saman ƙyallen. Su biyu ne kaɗai a motar suka san gaskiya. Kalma ɗaya za ta wanke Noah. Kalmar kuma za ta juyo da bakin bindigar nan daga kafaɗa zuwa ƙeya. Ba wanda ya furta ta.

Lasifika ta kawo sallamar liman.

"Mu fita," in ji Matiyu. "Ta lungu."

Ya sunkuci buhu ya dira. Siraju ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, ya matso da bakinsa kusa da kunnen uban.

"Baba, fita ta gefen katanga. Ba wanda ya ga fuskarka. Ka shiga cikin mutane."

"Kai..."

"Fita, Baba."

Ya bi bayan Matiyu a guje.

Manga ya tsallaka kujera, ya zame ta ƙofar da ke jikin katanga, ya jefa makullin a aljihu, ya gyara hula. Yana zagayo bayan motar, jama'a na kwararowa daga bakin layi, fararen riguna kamar an buɗe dam. Maigadi ya fito daga sito yana kururuwa: "Ɓarayi! 'Yan fashi! Sun bi lungu!" Taron ya haɗiye Manga. Dattijo ne da carbi a cikin dattawa masu carbi. Wani ma har ya riƙe masa hannu kar a ture shi.

Lungun ba ya ɓullewa. Katanga ce a ƙarshensa, doguwa, da fasassun kwalabe a kai. Daga inda yake Manga yana hango komai. Ya ga Siraju ya duƙa ya ba da baya. Ya ga Matiyu ya taka shi ya haye, ya shimfiɗa buhu a kan kwalaben ya zauna. Ya ga Siraju ya miƙa hannu sama.

Matiyu ya dubi hannun. Ya dubi taron da ke tahowa. Mutum biyu a guje, taro zai bi su har bakin kogi. Mutum ɗaya a kwance, taro zai tsaya a kansa.

Tau!

Siraju ya dafe cinya ya zube. Matiyu ya ja buhunsa ya faɗa ta can.

Abin da ya biyo baya, ba sai an zana shi ba. Wanda ya taɓa ganin taro ya samu ɓarawo ya sani. Duwatsu, katako, ƙarfen awo, duk abin da hannu ya samu. Mutanen da yanzu suka ɗago goshi daga ƙasa. Manga yana kutsawa, yana ture kafaɗu, bakinsa a buɗe. Sunan yana nan a maƙogwaronsa, ya taso har kan harshe. Da ya kira shi, da ya faɗa a kansa ya ce nawa ne, ku haɗa da ni, ƙila furfurarsa ta sa hannuwa su yi sanyi, ƙila kuma a haɗa da shi ɗin. Ya isa sahun gaba. Ya tsaya a nan.

Harbi biyu a sama, sannan muryar Sufeto Abigail: "Ku ja baya! Duk wanda ya ƙara jifa, shi zan ɗauka."

Taro ya buɗe. Ta durƙusa ta janye ƙyallen daga fuskar. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ne kawai ke buɗe. Yana numfashi sama-sama.

"Kai, ku nawa ne? Wa ya buɗe mota?"

Ya kawar da kai.

"Abokinka ya harbe ka ya gudu, kana rufa masa asiri? Wa ya kawo ku? Yi magana, in kai ka asibiti."

Leɓunansa suka motsa. Ta kai kunne.

"Mu biyu ne," ya ce. "Ni na buɗe."

Ta miƙe ta dubi jama'a. "Akwai wanda ya san shi?" Idonta ya sauka kan dattijon da ke gaba, mai farin gemu, rigarsa fes.

"Baba, kai babba ne, ka san mutanen gari. Duba shi da kyau. Yaya sunansa? Ɗan gidan wa ne?"

Manga ya duba. Idon nan ɗaya yana kansa. Kan ya ɗan motsa, dama, hagu, kaɗan ƙwarai, yadda ba wanda zai lura sai wanda aka yi dominsa.

"Ban san shi ba, 'yata."

"To matsa baya, Baba, kar jini ya ɓata maka riga."

Ya matsa.

Duk wannan lokacin motar ba ta daina kuka ba. Alhaji Abdulmuttalib ya iso yana haki, ya zaro nasa makullin, ya danna sau ɗaya. Ta yi tsit. A cikin shirun nan aka ɗaga Siraju aka shimfiɗa a bayan motar sintiri kamar buhun masara. Ba su kai asibiti da shi da rai ba.

Manga ya san inda Matiyu zai nufa. Daga layin 'yan riɗi zuwa rumfar Noah ba nisa, ko tsoho zai iya riga mai zagaye ta bayan gari. Ya tsaya a mararraba, ya dubi hanyar. In ya je ya ce wa Noah gudu, Noah zai tambayi dalili, in kuma aka kama Noah da rai, ya san fuskar dattijon da ya karɓi makulli. Manga ya juya, ya samu inuwar wata rumfa da aka rufe, ya zauna yana jan carbi.

Bai daɗe ba ya ji ƙarar bindiga daga bakin kasuwa. Aka ce Roseline ta kawo abinci ke nan, tana buɗe kwano. Aka ce Noah bai ma tashi daga kan benci ba, yana ta cewa, "Oga, makullin lafiya yake, na rantse lafiya yake." Matiyu da ya wuce da buhunsa kai tsaye da ƙila ya tsira, amma fushi ya ja shi cikin kasuwa a ranar da kowane ɗan sanda ke farke. Suka bi shi har yashin kogin Mayo Gwoi. A nan ya ƙare, fuskarsa a cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, buhun ya koma hannun mai shi.

Maza uku ne suka san Manga yana cikin aikin nan. Kafin rana ta faɗi, babu ko ɗaya.

Ya shiga gida ana kiran magariba. Ƙamshin miya ya cika tsakar gida, yaji har yana sa tari. Aisatu ta shimfiɗa tabarma, kwano biyu a rufe. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta ci gaba da kallon zauren kamar wani zai ƙara shigowa.

"Baba, ina yake?"

Ita ma ba ta faɗin sunan, miji ne. Suka tsaya su biyu a tsakar gida, da mutum ɗaya a tsakaninsu wanda babu mai iya kiransa.

"Mota ba ta tashi ba," in ji Manga.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗora hannu a kan murfin kwano ɗaya.

"Jiya ya faɗa min ka dafa makullin," ta ce. "Na ce kar ya je. Ya ce in bai je ba, wa zai tsaya maka in ta ƙi?"

Ta ɗago kai ta dube shi.

"A ina suka ajiye shi? Za ka je ka karɓo?"

"In na je, za su tambaya."

"Za su tambaya," ta maimaita. "Kar ka ji tsoro, Baba, ba zan faɗa wa kowa ba. Shi ma bai faɗa ba. Allah ya ƙara maka tsawon rai. Ka daɗe sosai."

Gawar ta yi kwanaki ba mai nema, hukuma ta binne ta inda take binne irinsu. Ba wanka daga dangi, ba sahu, ba zaman makoki. 'Yan'uwan Aisatu suka zo suka kwashe kayanta. Aka ce wa maƙwabta wancan ya tafi neman aiki kudu. Roseline ta rufe rumfar mijinta, ta sayar da injin yanka, ta koma ƙauyensu da 'ya'ya. Alhaji ya sa aka zo daga Yola aka sake wa motarsa makullai.

Manga kuwa yana nan. In kun bi ta bakin tasha da hantsi za ku gan shi a benci, yara direbobi kewaye da shi, yana ba su labarin hawan Mambila da fitila a kashe. Yakan ce hannun hukuma bai taɓa kama shi ba, kuma gaskiya ne, a je a bincika. Tukunyar ba ta yi ƙarya ba, wanda ya sha ya tsira. Abin da ya daina faɗa kawai shi ne zancen cewa motarsa ba ta barin mutum.

Wani lokaci baƙar jif ɗin takan wuce ta gaban tasha, gilashi a rufe. Sai labarin ya tsaya masa a baki. Hannunsa ya shiga aljihu, babban yatsa ya lalubi ɗan baƙin abin nan, ya danna, ya sake dannawa, har motar ta sha kwana.

"Baba Manga, sai aka yi yaya?" yaran su ce.

Sai ya dube su kamar bai san su ba, ya ce, "Ina muka tsaya?"